Taliyar da Baffa Ya Sa Aka Ɗumama

Shekarata huɗu a birnin Guangzhou na ƙasar China, kuma a cikin shekarun nan ƙawa ɗaya tak na yi. Ni kaɗai ce baƙar fata a ajinmu. Ba a zagina, ba a dukana. Sai dai bencinmu na mutum biyu ne, kuma shekara biyu cur jakata ce take zama a gefena.

A shekara ta uku aka kawo wata yarinya daga can arewa maso gabashin ƙasar, inda ta ce kogi yana daskarewa har mota ta bi ta kai. 'Yan aji suna kwaikwayon maganarta suna dariya. Ranar farko, da lokacin abinci ya yi, kowa ya tafi layi, muka rage mu biyu da 'yan kulolinmu. Ashe Musulma ce, ita ma ba ta cin abincin makaranta. Ta leƙa shinkafa da waken da Umma ta zuba mini, ta ɗanɗana yajin, ta yi tari har da hawaye, sannan ta ƙara miƙo cokali. Washegari da kanta ta ɗauke jakata ta ajiye a ƙasa, ta zauna.

Mahaifiyarta ta daɗe tana aiki a kicin ɗin wasu. A hutun bazarar bara ta buɗe nata shagon, a wani lungu bayan Masallacin Huaisheng, tebur shida kacal. Taliyar garinsu za ta sayar, wadda ake ci da sanyi, cikin romon naman shanu mai ƙanƙara. Ƙawata ta ce uwar ba ta iya barci, tana tsoron mutanen Guangzhou ba su san abincin ba. Shi ya sa ta zaɓi ranar Juma'a ta buɗe, ko masu fitowa daga masallaci za su ga koren allon halal su shigo.

"Mutanenku suna da yawa a masallacin nan," in ji ƙawata. "Idan babanki ya ci ya yaba, ai za su biyo shi."

"Zan kawo shi," na ce. "Har da abokansa."

Ban taɓa cika baki irin na ranar ba. Karon farko ke nan da nake da abin da zan ba ta.

A makon ne Baffa ya sauka daga Kano. Shi ne yayan Abba, shi ya riƙe shi tun bayan rasuwar kakanmu, don haka a gabansa Abba ba ya ɗaga murya, ko kujera ba ya zama sai Baffa ya zauna. Sau biyu a shekara yake zuwa sarin takalma. Kalmomin Sinanci biyar ya iya, kuma da ƙarfi yake faɗinsu, kamar masu shagon kurame ne. Ni ba ya kiran sunana, shi da Abba duka, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Uwata suke ce mini.

Ban iya tunkarar Abba a gaban Baffa ba, sai na bi ta wajen Umma. Na ce mata maman ƙawata ta buɗe gidan taliya, halal ne, kusa da masallaci. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sau biyu na taɓa cin taliyar a gidansu, na san sarai da ƙanƙara take zuwa. Na kuma san gidanmu. Idan Abba ya makara, sau uku Umma take mayar da miya kan wuta, tuwon kuma yana cikin kula, kular tana naɗe a tawul. Na ji tsoron in na ambaci sanyi za a ce a bari sai wata rana. Sai na yi shiru, na bar wa zafin gari aikin.

Zafi kuwa an yi shi ranar. Na jira su a inuwa daura da ƙofar masallaci, hijabina ya manne mini a wuya. Suka fito su uku: Abba, da Baffa cikin babbar riga ruwan ƙasa wadda gumi ya jiƙa bayanta, da wani abokin Abba ɗan zangon Ghana mai aika wa mutane kaya, mutum mai barkwanci, kullum da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

A ƙofar shagon an jera kwandunan furanni da jajayen ƙyallaye, yadda suke yi wa sabon shago. Ciki yana warin sabon fenti. Ƙawata ta ɗaura sabon ƙyallen aiki wanda ya yi mata yawa, an zagaya igiyar sau biyu a ƙugunta. Da ta gan mu sai ta ɗaga mini gira, ni ma na ɗaga mata. Mahaifiyarta ta fito tana goge hannu, ta yi sallama da irin lafazinsu. Baffa ya amsa da fara'a, har ya ce wa Abba, "Ka ga mutanen kirki."

Mutum ɗaya muka tarar, wani tsoho Basine a teburin lungu, da butar shayi a gabansa da ɗan farantin curin fulawa mai nama, yana ta tururi. Na lura da shi ne kawai saboda ni komai sai na kalla. Ban san shi zai zama shaida a kaina ba.

Aka kawo kwanuka huɗu na ƙarfe. Har yanzu ina ganinsu. Taliya siririya ruwan toka, an naɗe ta a tsakiya kamar gammo. A kanta yankan nama biyu, da rabin dafaffen ƙwai, da kokwamba, da kabeji ja, da yankan kankana ɗaya. Kewaye da ita romo garai-garai, ƙanƙara tana yawo a ciki. Na ga na Baffa ya fi na kowa ƙanƙara. Uwar ta ga ya fi kowa tsufa, ya fi kowa gumi, sai ta ƙara masa. Ƙawata ta tsaya a gefe da almakashi, domin taliyar tana da tsawo da danƙo, sai an datsa ta a cikin kwano.

Ɗan Ghana ne ya fara magana. Ya taɓa gefen kwanon ya janye hannu.

"Alhaji, wannan fura ce ko taliya? A kawo nono mana."

Abba ya yi 'yar dariya. Baffa bai yi ba. Ya sa cokali ya ɗago ƙanƙara ɗaya, ya dube ta, ya mayar. Ya ɗebi romon ya kai baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Uwata, mene ne wannan?"

Na ce, "Haka ake cinta." Amma muryar ba ta wuce bakin hijabina ba.

"Daga firji ta ɗauko," in ji Baffa. Ba ni yake yi wa magana ba, Abba yake kallo. "Kwantai ne. Na jiya ne ta zuba mana, ko ɗumamawa ba ta yi ba."

"Yaya, yau fa suka buɗe," Abba ya ce a hankali. "Wataƙila haka abincinsu yake."

"Haka abincin wa? Ni za ka gaya wa mutanen nan? Tun ba ka san hanyar filin jirgin Baiyun ba nake zuwa garin nan. Mutanen da ko ruwan sha ba sa sha sai da zafi! Ka shiga shago kana zufa kamar doki, su miƙo maka ruwan zafi a kofin takarda. Su ne za su ci taliya da ƙanƙara?" Ya nuna teburin lungu da cokali. "Dubi na wancan. Tururi yake yi ko ba ya yi?"

Duk muka juya. Tururi yake yi. Tsohon ya ɗago kai ya kalle mu, ya ci gaba da taunarsa.

"To, ka gani. Nasu da zafi, na baƙi da sanyi. Ko almajiri a gidanmu ba a ba shi tuwo a sandare. Ɗumame ma ai sunansa ya faɗa, ɗumama shi ake yi."

"Yaya, a yi haƙuri."

"Kai ka zauna a cikinsu har ka manta yadda ake karɓar baƙo. Shi ya sa suke raina ku."

Abba ya sunkuyar da kai.

Ƙawata ta sunkuyo kusa da kunnena. "Me yake cewa?"

Na zuba wa teburin ido. A gindin gwangwanin da aka zuba tsinkayen cin abinci akwai 'yar takardar kanti da ba a ɓare ba. Wani ɗigon ruwa yana gangarowa daga jikin kwanona, ya tsaya, ya haɗu da wani, suka sauka tare.

"Uwata, gaya mata," in ji Baffa. "Ki ce mu ba mabarata ba ne. Ki ce ta ji tsoron Allah, tunda ta ce ita Musulma ce."

"Me yake cewa?" Ƙawata ta sake tambaya. "Gishiri ne ya yi yawa? Ba ya son kankana?"

Harsuna biyu ne a bakina, a teburin nan ni kaɗai ce mai su, kuma duka biyun suka maƙale. Da na juya wajen Baffa, sai in ga ƙarya zan yi wa babba a gaban baƙo. Da na juya wajen ƙawata, sai in ga ba zan iya sa kalmar kwantai a cikin yarenta ba, uwarta tana tsaye. Na san matar nan tun asuba take kan romon, tana kwashe kitsen da cokali har sai ya yi fes.

Da Baffa ya ga ba zan yi ba, sai ya yi da kansa.

"Lawban!" Haka ake kiran mai shago. Ya ɗaga kwanon, romo ya fallatsa a kan sabon ƙyallen ƙawata. Ya murɗa hannu kamar mai kunna risho, ya kaɗa yatsu a ƙarƙashin kwanon. "Wuta! Meyo wuta? Babu wuta?"

Uwar ta gane. Na ga lokacin da ta gane, domin murmushin bai bar bakinta ba, idanun ne suka canza. Ƙawata ta ce, "Mama, ai ba a…" Uwar ta taɓa mata kafaɗa, ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta shiga ciki. Muka ji ƙarar wuta ta tashi.

Abin da ya dawo ba abinci ba ne. Taliyar ta kumbura ta cure wuri guda kamar ƙullun da aka manta. Kankanar ta dahu ta koɗe. Kokwambar ta yi laushi. Kuma da yake ana zuba wa romon ruwan tsami da gangan, don ya yi daɗi da sanyi, zafi ya tayar da warin ya cika shagon.

Baffa ya shinshina. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya ci shari'a.

"Kun ji? Kun ji tsami? Ba na gaya muku ba! Ya lalace, shi ya sa ta rufe shi da ƙanƙara."

Ɗan Ghana ya ture nasa kwanon a hankali. "Kai, Alhaji, Allah ya sa kana nan. Da yanzu muna layi a bayan gida."

A daidai lokacin wasu 'yan Kano uku suka tsaya a ƙofa. Daga masallaci suke, sun hango babbar riga a ciki, sun zaci an samu wurin ci. Wato abin da ƙawata ta roƙa ke nan, ga shi ya zo har bakin ƙofa. Baffa ya ɗaga musu hannu.

"Ku wuce, ku wuce! Kwantai ake ba baƙi a nan."

Suka wuce. Bai tsaya nan ba. Ya ciro waya, ya danna, ya kara a baki, ya yi wa zauren 'yan kasuwa bayani tiryan-tiryan: lungu kaza, koren allo, furanni a ƙofa, a kiyaye.

"Me yake cewa?" Karo na uku ke nan. Wannan karon ba a kunnena ta faɗa ba, kuma ba ta ƙara tambaya ba.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na jawo kwanona, na ɗauki tsinkaye, na fara ci. Ba a datsa mini taliyar ba, don haka sai na yi ta ja tana zuwa, ina cusawa, romo yana zuba a hijabina. Na cinye naman, da ƙwan, da kankanar. Na ɗaga kwanon da hannu biyu na shanye, na tauna ƙanƙarar har haƙorana suka riƙe, kaina ya sara. Ina ci ina kallon Baffa, abin da ban taɓa yi ba. A zuciyata wannan magana ce. A wajensa kuwa ba komai ba ne.

"Ka ga abin da nake gaya maka," ya ce wa Abba. "Yarinya ta koma 'yar China, har ruɓaɓɓen abinci take ci don kunyar ƙawa."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa gida, duk amsoshin suka zo mini. Furar da Baffa yake sa a zuba wa ƙanƙara fa? Kwaɗon zogale da zafi ake ci? Garin kwaki fa? Ƙasar nan girmanta nawa, da zai ce daga kasuwar takalma ya gama saninta? Ina tsaye na riƙe ƙarfe, ina ta zazzaga masa a cikina, tasha bayan tasha. Shi kuwa yana zaune yana sauraron saƙonnin masu yi masa godiya.

Na san ba banza ya yi zargin ba. Na taɓa tsayawa da shi a bakin titi, motocin haya huɗu suka rage gudu, suka kalle mu, suka wuce. Amma matar nan ba ita ce ta wuce shi ba. Ita ƙanƙara ta ƙara masa.

Da Umma ta ji labari, dariya ta fara yi, har sai da ta ga fuskata.

"To ke me ya hana ki faɗa tun a gida? Baki gare ki."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai, domin gaskiya ne.

Ranar Litinin aka koma makaranta. Na tarar da jakar ƙawata a kan benci, a wajen zamanta, ita kuma ta koma baya kusa da taga. Ta bar jakar ne don kada a zauna, ko don in gani, ban sani ba. Lokacin abinci ta fita da kularta. Na buɗe tawa, Umma ta cika yaji kamar kullum, na mutum biyu. Haka Talata. Haka Laraba.

Larabar ce Baffa ya tafi. Kafin su fita zuwa Baiyun ya dafa kaina ya ce, "Uwata, a yafi juna." Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa.

Da Abba ya dawo daga rakiya, na same shi a falo yana cire takalmi. Ban bi ta wajen Umma ba.

"Abba, ka san ba kwantai ba ne."

Ya dubi safarsa. "Na sani."

"To ka faɗa musu. Ka aika a zauren nan ka ce kuskure ne."

"In ƙaryata yayana a gaban mutum ɗari?" Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba, uwata. Ke ma da kika iya yarensu ai shiru kika yi."

Na tsaya ina huci. Ban tafi ba. Shi ma bai kore ni ba. Can ya ce, "Ranar Asabar ki shirya."

Furannin ƙofa sun yi yaushi, ba a kwashe su ba. Tebur biyu ne da mutane, babu baƙar fata ko ɗaya. Uwar ta amsa sallamar Abba kamar ba abin da ya faru, wannan kuma ya fi zagi ciwo. Abba ya zaɓi teburin bakin ƙofa, ya ɗaga yatsu biyu. Ƙawata ta kawo kwanukan, ta datsa na Abba a gicciye, sau biyu, ta datsa nawa, ba ta kalle ni ba. Abba ya yi bisimilla ya kai loma. Na ga yadda fuskarsa ta yamutse. Bai so ta ba ko kaɗan. Ya ci gaba da ci.

Na bi ta har bakin kicin, inda take jera cokula.

"Ki sake tambayata," na ce.

"Me?"

"Abin da kika tambaye ni ranar nan."

Ta ajiye cokulan. "Me ya ce?"

Na gaya mata duka. Kwantai, da ruwan zafi a kofin takarda, da tsohon lungu, da tsami, da mutanen da ya kora, da saƙon waya. Ban rage komai ba, ban gyara komai ba. Na gaya mata kuma cewa ni na san da ƙanƙara take zuwa, na ɓoye musu.

Fuskarta ta yi ja har kunne. "Na jiya? Mama ta jiƙa ƙashin nan tun ranar Alhamis! Ya san sau nawa ta tace romon nan? Kuma ya dafa kankana! Wane irin mutum ne yake dafa kankana?"

"Baffana."

"Baffanki bai san komai ba."

"Na sani."

Ta murza igiyar ƙyallenta. Tabon romon bai fita duka ba.

"Na zaci cewa ya yi mu ƙazamai ne," ta ce. "Kwana takwas ina tunanin abin da ya faɗa, wanda har kika kasa maimaitawa. Kin san abubuwa nawa na ƙirƙiro? Ina tsaye kamar gunki da almakashi, ana zagin uwata, ke kina cin kankana."

Ta ɗauki cokulan ta ci gaba da jera su.

"Nan gaba ko zagi ne ki faɗa mini. A lokacin. Ni zan san abin da zan yi da shi."

Ranar Litinin na tarar ta dawo bencinmu. Ba ta yi mini murmushi ba sai ranar Alhamis, kuma sai da aka yi mako biyu kafin cokalinta ya sake shiga kulata.

Saƙon Baffa yana nan a wayoyin mutane, ba wanda ya goge shi. 'Yan Kano har yau ba sa shiga lungun. Ɗalibai ne da 'yan arewacin ƙasar suka riƙe shagon. Abba bai taɓa aika gyara ba. Abin da yake yi shi ne, duk Juma'a bayan an idar, sai ya je ya zauna a teburin bakin ƙofa da farin kaftaninsa, inda duk mai wucewa zai gan shi, ya ci taliyar da ba ya so, yana korawa da shayi mai zafi. Wasu ranakun ina ganin ya kyauta. Wasu ranakun ina ganin magana ɗaya ta fi wannan duka sauƙi.

Baffa kuwa ya mayar da abin labarin hira. Umma ta ce a wajen suna ma ya ba da shi, yadda ya kama wata 'yar China za ta ciyar da su ruɓaɓɓiyar taliya. Idan ya kira waya yakan ce, "Ina uwata? A ba ni uwata." Sai in karɓa, in gaishe shi, in tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Rannan ina gidan ƙawata muna aikin makaranta ya kira wayar da Abba ya ba ni. Da na ajiye, ta ɗago kai daga littafi.

"Me ya ce?"

"Ya ce ko har yanzu ina cin kwantai."

"Ke kika ce me?"

"Na ce lafiya lau, Baffa."

Ta harare ni. Na ɗauki wayar, na nemo lambarsa, na danna. Yau zai ji gaskiyar taliyar nan daga bakina. Ita kuma ta rufe littafin ta gyara zama.